Hannu Na Zane, Zuciya Na Kwanciya: Abin da Malamin Gobe Zai Koya Wajen Mai Zayyana

Duk inda ake shirin saukar Alƙur'ani a ƙasar Agiye, daga Cadawa har Gazawa, akwai mutumin da aikinsa ke rigan ranar walima, amma ba a cika ambatonsa ba: mai zayyana. Shi ake kai wa sabon allo. Zai ja iyaka a gefe huɗu, ya raba fuskar allon gida-gida, ya bar filin da za a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, sannan ya duƙufa cike sauran da ƙananan murabba'ai da kusurwoyi da sarƙaƙƙun layuka, da baƙi da ja da rawaya da kore. Alƙalaminsa na gamba ne ko na kara, tawadarsa kuwa an haɗa ta da ƙaro don ta kama itace. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan mutum ya san yadda kamanninsa ke sauyawa idan aiki ya yi nisa. Magana takan ɗauke, numfashi ya daidaita, ido ya tsaya a kan ɗan gidan da ake cikewa, har a yi masa sallama sau biyu kafin ya ɗago. Mutane suna yaba allon idan an gama, su ɗaga shi a gaban jama'a, amma natsuwar da ta haife shi ba wanda ya ɗauke ta a matsayin ilimin da za a iya koyarwa.

A wata duniyar kuwa, wannan natsuwar ce aka mai da darasi mai suna da takardar shaida. A farkon shekarun 2000, a jihar Masacusets ta Amurka, wata ƙwararriyar mai ƙawata rubutu, Maria Thomas, tana cike bayan wani harafi da ƙananan zane-zane masu maimaituwa, sai ta ji lokaci ya ɓace mata, damuwa ta sauka. Da ta bayyana wa abokin zamanta Rick Roberts, wanda ya shafe shekaru yana horar da zuciyarsa a zaman kaɗaici, sai ya gane cewa halin da masu zurfafa tunani ke nema ne ta faɗa ciki ta hanyar alƙalami. Su biyun suka tsara hanyar da suka kira Zentangle: ɗan guntun takarda mai faɗin kusan santimita 9, baƙin alƙalami, fensir maras magogi, da matakai takwas da kowa zai iya bi. Yau suna shirya kwas na ƴan kwanaki, mutane su biya kuɗi daga ƙasashe da dama su karɓi shaidar zama malaman wannan zane. Abin lura shi ne asalin abin: daga ƙawata rubutu ya fito, wato daga sana'ar mai zayyana. Ra'ayin wannan rubutu shi ne cewa zanen da ke kwantar da hankali muna da shi tun kaka da kakanni. Abin da ya kamata mu nema shi ne tsarin koyar da shi, kuma mutumin da ya fi dacewa ya ɗauki wannan nauyi shi ne matashin da ke shirin shiga horon malanta.

Hujjar cewa muna da shi ba sai an je nesa ba. Alƙur'anin da mahaddatanmu ke rubutawa da hannu a riwayar Warshu cike yake da zane: kowane izu yana da tambarinsa a gefen shafi, haka nusufi da rubu'i da sumuni da wuraren sujada, kuma da wuya a sami tambari biyu da suka zama iri ɗaya sak. A Kano, rubutun Sharif Bala Gabari ya yi suna har aka riƙa buga shi ana sayarwa a kasuwannin ƙasar Hausa. A jikin babbar riga akwai aska biyu da aska takwas da tambari, waɗanda mai zane ke fara shatawa a kan ƙyalle kafin maɗinki ya bi da allura. Dukawan Maraɗi suna tsaga zane a fatar jar akuyar da sunanta ya kai har Turai. Matan kwarin Gulbin Kaba suna saƙa faifai da tabarma da kabar da aka rina, suna ƙirga zubi a ka ba tare da takarda ba. Ga ƙwarya da ake zanawa da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, ga lallen amare, ga dagi a goshin gidajen unguwar Birni ta Damagaram da tsofaffin unguwannin Zariya. Duk waɗannan doka ɗaya suke bi: a shata iyaka, a raba fili, a ɗauki ƙaramar siffa a yi ta maimaitawa har fili ya cika. Ita ce dokar da ake biyan kuɗi a koya a Amurka. Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

To, me ya sa maimaita ƙaramin zane ke kwantar da zuciya? Zuciyar ɗan Adam ba ta son zama haka nan. Idan ba ta da abin riƙewa sai ta koma kan bashin jiya ko fargabar gobe. Idan kuma aka ɗora mata aiki mai wuya ƙwarai, tsoron kasawa ya kama ta. Zane mai maimaituwa yana tsakiyar waɗannan biyu: yana buƙatar ido da hannu su kasance tare, amma ba ya tambayar mai yi abin da ya fi layi ɗaya na gaba. Masu bincike sun gwada wani ɓangare na wannan. A shekarar 2005, Nancy Curry da Tim Kasser suka tayar da hankalin ɗalibai 84 ta hanyar sa su tuna wani abin tsoro da ya taɓa samunsu, sannan suka raba su uku na tsawon minti 20. Waɗanda aka ba zane mai tsari su cike da launi sun fi samun sauƙin damuwa fiye da waɗanda aka miƙa wa farar takarda aka ce su yi abin da suka ga dama. A 2009 kuma, Jackie Andrade ta Jami'ar Plymouth a Ingila ta sa mutum 40 sauraren wani saƙon waya mai gundura. Waɗanda ke cike ƙananan da'irori da murabba'ai yayin sauraro sun tuna abin da aka faɗa fiye da sauran da kashi 29 cikin 100. Darasin gwajin farko ya fi muhimmanci a nan: iyakar da aka shata ita ce ke ba zuciya hutu, kuma mai zayyana da iyaka yake farawa.

Mai hankali zai ce waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, an yi su a kan mutanen Amurka da Ingila, kuma sauƙin minti 20 ba waraka ba ce. Wannan magana gaskiya ce, kuma dole duk mai son koyar da wannan zane ya riƙe ta da kyau. Tun daga 2019 dubban iyalai suka tsallako daga jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, aka tsugunar da wasunsu a wurare irin su Cadakori. Yaron da ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba yana buƙatar tsaro da abinci da kulawar ƙwararru, kuma zalunci ne a ce masa zane zai share masa wannan. Amma tsakanin waraka da rashin komai akwai fili mai faɗi. Yaron da ya kasa zama wuri ɗaya, idan ya sami minti goma a kowace safiya da hannunsa ke yin abin da ya san farkonsa da ƙarshensa, ba a kuma yi masa tsawa a kai, ya sami wani abin dogaro a ranarsa. Iƙirarin da ake yi bai wuce nan ba, kuma a wannan matsayin ba ya buƙatar a ƙara masa gishiri.

Idan har zanen yana gidanmu, ina gibin yake? Yana cikin yadda ake miƙa shi. Gwaninmu yana koyarwa ne da zama: yaro ya zauna kusa da shi shekara da shekaru, yana niƙa tawada, yana fiƙe alƙalami, yana kallo, har wata rana hannunsa ya faɗa. Wannan hanya tana fitar da gwanaye na gaske, amma kaɗan take fitarwa, kuma galibi a cikin gidan da sana'ar ta zama gado. Da keken ɗinki mai aikin kwamfuta ya shigo, da robobi suka kori ƙwarya daga ɗakin amarya, da siminti ya maye gurbin ginin ƙasa, sai yaran da za su yi wannan dogon zama suka ragu. Abin da masu Zentangle suka yi na hikima shi ne warware gwaninta zuwa gaɓa-gaɓa. Sun lura cewa kusan duk zanensu daga motsi biyar yake fitowa: ɗigo, miƙaƙƙen layi, lanƙwasa irin ta jinjirin wata, lanƙwasa biyu irin tafiyar maciji, da da'ira. Kowane zane sun ba shi suna, sun nuna shi mataki-mataki, yadda wanda bai taɓa riƙe alƙalamin zane ba zai gama abu mai kyau a zama ɗaya. Sun kuma cire magogi, don mai koyo ya daina tsoron kuskure, ya koyi mai da karkataccen layi wani sabon reshe. Babu ko ɗaya cikin waɗannan dabaru da ya gagari dagi ko tambarin izu.

Nan ne matashin da ke shirin jarrabawar shiga makarantar horon malaman firamare ta Maraɗi yake da rawar takawa. Shi ɗan gari ne, gwanayen garinsu kakanninsa ne da baffanninsa da innoninsa, kuma nan da ƴan shekaru za a damƙa masa aji. Ajin da zai samu a ƙauyukan Agiye ko Gazawa ko Tsibiri an san kamarsa: yara masu yawa, wani lokaci a rumfar zana, littattafai ba su wadata ba, kowane yaro da ɗan allonsa da guntun alli. A aji na farko, babban aikin malami shi ne ya sa hannun da ya saba da riƙon sandar kiwo ko tallar aya ya iya jan layi inda ake so, ya tsaya inda ake so. Motsi biyar ɗin nan da aka ambata su ne kuma ginshiƙin haruffa. Harafin "a" na boko da'ira ce da sanda. Ba'un ajami lanƙwasa ce da ɗigo a ƙasa. Yaron da ya cika gida ashirin da jinjirin wata masu kai ɗaya ya riga ya yi rabin aikin rubutu, kuma ya yi shi da marmari. Idan ya ƙirga cewa bayan kowane gida uku baƙi sai ja ɗaya, ya taka matakin farko na lissafi.

Shirin da irin wannan matashi zai yi yana farawa da hannunsa, domin ba a koyar da natsuwar da ba a ɗanɗana ba. Bayan an kai amfanin gona gida, rani ya shigo, lokaci yakan samu. Ya nemi gwani ɗaya, ko mai zayyana, ko maɗinkin hula, ko tsohuwa mai saƙar faifai, ya je da ladabi ya ce: "Baba, na zo ne in koyi abin da Allah ya hore maka," ko "Inna, ki nuna mini yadda kike ƙirga wannan zubin." Ya tanadi kaye guda don wannan aiki kaɗai. Kowane zane ya samu, ya rubuta sunansa kamar yadda gwanin ya faɗa, da sunan garin, da wanda gwanin ya koya a wajensa. Daga nan sai aiki mafi wuya: ya gano da wane layi ake farawa, wanne ke bi, har ya iya nuna zanen a mataki uku zuwa biyar. Sau da yawa gwanin kansa ba zai iya faɗa da baki ba, don abin ya riga ya koma jini da tsoka. Sai an roƙe shi ya yi a hankali ana kallo. Kowace rana kuma ya ware kwata na awa, ya ajiye salula, ya cika fili ɗaya ba tare da gogewa ba. Wanda ya yi haka wata uku zai shiga makarantar horo da zane kamar ashirin a hannunsa, da kuma haƙurin da babu littafin koyarwa da ke bayarwa.

Mataki na biyu shi ne gwada koyarwar tun kafin a kira shi malam. Ƙannensa da yaran maƙwabta sun isa aji. Ƙasa mai laushi ta tsakar gida ta isa takarda, tsinke ya isa alƙalami. A nan zai gane abubuwan da ke raba mai iyawa da mai koyarwa: cewa dole ya zana babba yadda na baya zai gani, ya ja layi ɗaya ya dakata har kowa ya ja nasa, ya rage surutu domin yawan bayani na kashe natsuwar da ake nema. Zai gane cewa da zarar ya ɗaga aikin yaro ɗaya ya ce shi ne ya fi kyau, sauran sun karaya. Abin da ya fi shi ne a jera allunan duka a ƙarshe, kowa ya ga yadda umarni ɗaya ya haifi zane arba'in mabambanta. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da masu duba ɗaliban malanta ke nema ranar gwajin koyarwa a aji: tsara darasi daga sauƙi zuwa wuya, riƙe hankalin yara ba da bulala ba, da lura da wanda aka bari a baya.

Akwai masu cewa a ƙasar da yara da yawa ke gama firamare ba su iya karanta jimla ba, ba daidai ba ne a ɓata lokaci a kan ado. Damuwarsu a kan hanya take, kuma da a ce zanen zai ci sa'ar karatu da sai a bar shi. Amma minti goma ake magana, kuma a lokutan da dama can asararsu ake yi: sa'ad da yara suka dawo daga hutun tara a hargitse, ko da rana ta take hankali ya watse. Malamin da ya kashe minti goma yana tsawa don a yi shiru, da wanda ya kashe su yara na cike gidajen zane shiru ya sauka da kansa, lokaci ɗaya suka ɓatar, amma ba aji ɗaya suka samu ba. Ga shi kuma manhajar firamare ta Nijar dama tana da gurbin zane da ayyukan hannu, wanda sau da yawa yakan tafi a banza don malamin bai san me zai sa a ciki ba. Kawo ilimin gida cikin lakwal kuwa ba baƙon tunani ba ne: tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Idan harshen yaro ya sami shiga aji, babu dalilin da zai sa zanen da ke kan hular ubansa ya tsaya a bakin ƙofa.

Wasu kuma za su tambaya ta fuskar addini, kuma tambayar ta cancanci amsa a natse. Maganar malamai a kan zane ta fi karkata ga surar abu mai rai. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai, kuma a kan wannan fahimta Musulmi suka ƙawata masallatai da littattafai da layuka da kusurwoyi tun daga Andalus har Barno. Zanen da ake magana a kai bai fita daga wannan da'ira ba. Sai dai akwai iyakoki biyu da malami zai tsare. Na farko, kada ya kira shi ibada ko ya jingina masa wani asiri. Ba ya maye gurbin salla ko zikiri, horon hankali ne kamar yadda tsere yake horon jiki, kuma ba ya buƙatar aƙidar kowa ta waje. Na biyu, ya raba ado da nassi: abin da za a zana a ƙasa ko a allon da za a goge da tsumma, gidaje ne da layuka kawai, ban da aya, ban da sunan Allah, ban da hatimi. Idan ya bayyana wa iyaye da limamin gari haka tun farko, ya kuma nuna musu cewa daga gefen allon sauka aka ɗauko zanen, da wuya a sami mai ja.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne wanda ya fi nauyi. Gwanayenmu ba don hutun zuciya suke zane ba, abincinsu suke nema, da ciwon baya da raunin ido. Ashe ba cin amana ba ne a kwashi abin da suka gada a kai makaranta, su a bar su da hannu wofi? Zai zama cin amana idan aka yi shi a ɓoye. Shi ya sa rubuta sunan gwani a gefen kowane zane ba ƙawa ba ce, haƙƙi ne, kuma al'adar karatunmu ta riga ta koya mana cewa ilimi da silsilarsa yake tafiya, ɗalibi yakan faɗi wajen wanda ya ɗauka. Mai koyo ya kai goron sa albarka gwargwadon ƙarfinsa. Idan ya zama malami, ya gayyaci gwanin aji ko sau ɗaya a shekara, a shimfiɗa masa tabarma a gaba, yara su ga hannun da zanen ya fito. Abin da gwanin ya ce sirrin gidansu ne, a bar masa. Sana'ar da yara ɗari suka san sunayen zanenta ta fi kusa da samun masu saye da magada fiye da wadda ta rage a hannun tsoho ɗaya.

Takardar shaida daga Amurka tana da tsada, kuma ba ita ce za ta buɗe wa ɗan Agiye ƙofar aji ba. Jarrabawar ƙasarsa ce za ta yi wannan. Amma akwai abin da ya kamata a koya daga waɗanda suka ƙirƙiro ta: sun ɗauki halin da mai ƙawata rubutu ke shiga da muhimmanci, har suka zauna suka tsara yadda za a kai kowa can. Mutanen wannan yanki sun taɓa yin irin haka da wani abin. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga, manoma sun daina tumɓuke kututturen da ke gonakinsu, suka riƙa zaɓar tohon da ya fi ƙarfi suna sassabe sauran, har gonakin da suka zama fili suka sake cika da itatuwa, baƙi daga ƙasashe suka riƙa zuwa gani. Ba a kawo iri daga waje ba. Saiwar tana nan a ƙasa, hannun da zai kula da ita ake jira. Zayyana ma saiwarta na nan da rai a zaurukan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji. Matashin da zai shiga horon malanta a bana yana da rani guda a gabansa, da kaye, da dattijon da har yanzu hannunsa bai fara rawa ba.